Takun da Dila Ya Koya wa 'Ya'yan Jakuna

Ku ajiye jakunkunan makarantar nan ku matso. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya.

An yi wata jaka mai suna Akaza, ita da ɗanta guda ɗaya, Goho. A hannun fatake ta tashi, tana dakon kanwa. Kullum aka sauke mangala sai a yi wa jakuna dabaibayi, a ɗaure ƙafafun gaba, ko kiwo za su sai dai ɗingis, ɗingis. Wata rana mijin Akaza ya sa haƙori ya cinye igiyoyin, ɗaya bayan ɗaya, har bakinsa ya yi jini. Kowa ya tsere, shi kaɗai aka kama, don babu wanda ya tsaya cinye tasa.

Jakuna suka kafa gari a daji. Amma igiya ta bar musu tabo, kuma ko ba ta, takunsu gajere ne. Kunya ta sa kullum suna shafe tabon da laka. Goho ya ce, "Inna, mene ne wannan a ƙafarki?" Ta ce, "Ƙaya ce. Wuce ka ci ciyawa."

Ana nan sai ga Dila da rawani, wai zai buɗe makaranta ya koya wa yara tarihin 'yanci.

Akaza ta ce, "Malam, me za mu ba ka?"

Ya ce, "Kyauta ne, Hajiya."

Ta ce, "Ban je Makka ba. Kuma ni ban taɓa cin riba da mai cin nama ba. Faɗi ladanka mu yi ciniki."

Dattawa suka ce, "Ke dai kin cika tsiya, Akaza. An ce kyauta." Aka zuba masa yara.

Da fari ya koya musu waƙa. Sannan ya koya musu sunayen dattawa, wai su ne jarumai, ba a ko ambaci mai cin igiya ba. Dattawa suka ji daɗi. A darasi na uku ya ce, "Ku dubi takun iyayenku. Wannan shi ne takun 'yantattu." Ya kawo igiyar rama rinanniya ya ɗaure musu ƙafafun gaba, wai don taku ya daidaita.

Goho ya dawo gida ɗingis, ɗingis. "Inna, ni ne na ɗaya a takun 'yanci. Ni zan ja layi ran bikin makaranta."

Akaza ta dubi ƙafafunsa. Ta buɗe baki, sai ta tuna in ta faɗa, ɗanta zai san an taɓa ɗaure ta kamar kaya. Ta ce, "Madalla. Wuce ka ci ciyawa."

Ran biki aka taru a fili, bakin kurmi. Dila ya kwance igiyoyin da hannunsa, ya ce, "Yau ba mai ɗaure ku." Aka yi guɗa. Yara suka jeru, Goho a gaba, kai sama, suna waƙa suna ɗingis, ɗingis. Dila ya yi tari sau ɗaya ya koma gefe. Sai ga Kura daga kurmi.

Akaza ta ce, "Goho, gudu!"

Ya yi gudun da ya sani. Babu igiya a ƙafarsa, ko zare babu, amma ɗingis, ɗingis. Kafin uwar ta iso da nata gajeren takun, Kura ta kai shi ƙasa ta ja shi kurmi. Dila ya bi bayanta karɓar cinya, ladan da bai faɗa ba ke nan.

Dattawa suka zo gaisuwa, suna cewa ƙaddara ce. Akaza ta ce, "Ku riƙe gaisuwarku. Mu muka sayar da shi, kuma da araha."

Da safe ta shiga rafi ta wanke lakar tas. Ta je makaranta ta tsaya gaban sauran yaran, ta miƙa ƙafa.

"Ku duba da kyau. Ba ƙaya ba ce, igiya ce. Wanda ya cinye ta sunansa Duna, uban Goho. Ku faɗi sunan."

Suka faɗa.

"To, ku tashi ku buɗe ƙafa ku yi gudu. Wanda ya yi mini ɗingis zai sha shuri."

Suka yi ta gudu har rana ta faɗi, ita tana tsaye tana kallo. Ita kam ba ta ƙara iyawa ba.

Kun ji. In an koya muku waƙar 'yanci, ku rera, amma ku tsare babba ya nuna muku tabonsa, ya faɗi wanda ya ɗaure shi da wanda ya kwance. Malamin da ya ce kyauta kuwa, ku leƙa bakinsa ku ga haƙoransa.

Ƙurunƙus kan Dila, in an kama shi. Har yau dai ba a kama ba.