Ranar da Biri Ya Zama Sarkin Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wani Biri, ɗan ƙwalisa. Da safe wanka, da azahar wanka, da la'asar wanka. A ina? A bakin rafi, inda ruwa bai wuce idon sawu ba. Sai ya tsuguna kan dutse da ƙwarya da soso da sabulun salo, kumfa har kunne.

Ana nan sai Sarkin Ruwan dabbobi ya mutu. Kowa ya san Kwaɗo ya cancanci sarautar, don a ruwa aka haife shi. Amma Biri ya bi gida-gida yana zuga, wai ina za a naɗa ƙazami mai warin taɓo, alhali ga shi, wanda ke shiga ruwa sau uku a rana. Dabbobi kuwa, sakarkarun banza, suka shinshina Biri suka ji ƙamshi, suka shinshina Kwaɗo suka toshe hanci. Aka naɗa wa Biri rawani.

Ranar su ta zo, ranar da kowa ke fita kamun kifi a babban gurbi. Al'ada kuwa, ba mai jefa koma sai Sarkin Ruwa ya fara faɗawa, ya haye ya dawo. Biri ya leƙa, ya ga ruwa baƙi ƙirin. Ya ja da baya.

Aka ce, "Ranka ya daɗe, bismilla."

Ya ce ya manta soso. Aka kawo soso.

"Ranka ya daɗe, bismilla."

Ya ce ya manta sabulu. Aka kawo sabulu.

"Ranka ya daɗe, bismilla."

Ya ce a bari rana ta ɗumama ruwan. Giwa dama yunwa ta ishe ta, ta naɗe shi da hanci ta jefa, tsundum.

Ya nutse ya taso, ya nutse ya taso, yana ta dirzar jiki da soso, don iyakar abin da ya sani ke nan, ɗan banza. Rawani ya bi ruwa. Da ya sha ya ƙoshi ya hango Kwaɗo a gaɓa.

"Yaya Kwaɗo, cece ni!"

Kwaɗo ya ce, "Ranka ya daɗe, hannuna da taɓo, kar in ɓata maka jiki."

Sai da ya ga Biri ya daina motsi sannan ya yi iyo, ya kamo wutsiyarsa, ya ja shi a kan duwatsu har tudu. Duwatsu suka kankare masa mazaunai tas. Shi ya sa har yau suke ja wur, ba gashi ko ɗaya, kuma kowa na gani.

To kun ji. Wanka daban, iyo daban. Wanda ya karɓi rawanin aikin da bai iya ba, a gaban jama'a zai tuɓe shi.

Kurunkus kan tarwaɗa, kowa ya nemi tabarmarsa.