'Yan Kyauta Su Bi Ta Baya

Akwai wani direban babbar mota da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi rana tsaka. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a kan titi, ga raha, ga tsokana, sai ga shi a keken marasa lafiya, matarsa ce ke turawa.

Burinsa ɗaya ne, kuma bai ɓoye shi ba: ya kai kansa banɗaki da ƙafarsa. Duk sanda matar ta cicciɓo shi, sai ya kawar da kai ya ce, "Yi haƙuri, uwar yara." Ita kuwa wannan haƙurin da yake ba ta ya fi nauyinsa yi mata ciwo.

A unguwarsu akwai wata ƙungiya da ke yi wa irinsu gashin ƙashi kyauta. Ɗaki ne babba, da wasu ƙarafa biyu dogaye da majinyaci ke dafawa yana koyon taku. Likitar gashin ta ce wa matar, "Mama, ƙafar nan za ta tashi, amma da sharaɗi. Kar a yi fashi. Idan jijiya ta zauna ba motsi, ƙagewa take yi."

Matar ta riƙe maganar gam. Ko ana ruwa ko ana rana, tana tafe tana tura keke. Sannu a hankali direba ya fara tsayawa, har ya fara jan ƙafar tsakanin ƙarafan.

Ana haka masu ba ƙungiyar tallafi suka janye. Shugabar ƙungiya ta kawo shawara mai kyau, ba zan ci haƙƙinta ba: a buɗe wurin motsa jiki a rabin ɗakin, masu hali su biya, abin da aka samu a ci gaba da gashin marasa hali. Aka sayo injinan gudu da kekuna, aka manna madubai, aka ɗauko manaja.

Abu ya karɓu. Masu tumbi da masu hawan jini suka cika wuri. Direba kuwa ya samu abokan tsokana. Akwai wata mai shagon yadi, mace mai jiki da murya, da ake ce wa Guguwa. In tana haki a kan injin gudu, sai ya ɗago daga cikin ƙarafansa ya ce, "Ranki ya daɗe, saka giya ta biyu mana, hawa ne a gabanki!" Ita kuma ta ce, "Kai da motarka ke gareji, ina ruwanka da tawa?" Wuri ya kaure da dariya.

Manaja ne kawai ba ya dariya. Saurayi ne mai ƙamshin turare da ɗaga hanci, yana tafiya kamar shi ya haifi ginin. A idonsa, tayar keke tana ɓata masa tayil, yawun majinyaci yana korar masa kwastoma. Shi ya raba mutanen gida biyu da bakinsa: "masu biya" da "'yan kyauta".

Wata safiya matar ta turo keke kamar kullum, ya tare ta a bakin ƙofa.

"Mama, daga yau 'yan kyauta ta baya za su riƙa bi. An mayar muku da ƙarafan sito."

Ta ce, "Ɗana, ta bayan nan ai matakala ce. Yaya zan hau da keke?"

Ya ce, "Sai ku nemi masu kamawa. Kasuwanci muke yi yanzu, Mama. Masu biya ba sa son ganin irin wannan."

Ya faɗi "irin wannan" yana nuna mijinta da biro. Jama'a, mutum da ransa, da furfurarsa, a gaban matarsa! Wallahi har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ta haɗiye, saboda ƙafar mijinta take nema. Ta zagaya lungu, ta bi ta gefen kwata, ta roƙi wasu masu wucewa suka kinkimi direba da kekensa kamar buhu. Sito ɗin ba taga, sai tsofaffin kujeru da bokitan goge-goge. Likita ta yi ƙorafi, manaja ya ce in ba ta so ta kai ƙara. Ta kai wa shugaba, shugaba ta ce, "A yi haƙuri da shi, yaron nan shi ke riƙe da mu yanzu."

Da suka koma gida matar ta kwantar da direba. Sannan ya ce, "Uwar yara, ni ma na ɗauki 'yan kyauta a motata ba adadi. Ban taɓa sa ko ɗaya a cikin kaya ba. Gaba nake ba su, kusa da ni. Ba zan koma ba."

Ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi faɗa, ta turo masa yayansa. Ya kafe. Kuma ni dai ban ga laifinsa ba. Ta riƙa murza masa ƙafar da kanta yadda ta ga ana yi, amma ina hannunta ina na likita? Watanni suka shuɗe.

Rannan ta je kemis sayen magani, sai ta ji an dafa ta. Guguwa ce.

"Matar direba! Ina kuka shiga? Manaja ya ce mana duk kun warke an sallame ku. Har daɗi na ji."

Matar ta buɗe baki, hawaye suka riga maganar fitowa. Ta kwashe komai ta faɗa mata.

Guguwa ba ta ko karɓi maganinta ba. Ta faɗa wurin motsa jikin ana tsaka da kiɗa, ta sa aka kashe. Ta ce wa manaja, "Kai, waye ya ce maka ba ma son ganinsu? Da bakin wa ka ji? Ga wuraren motsa jiki nan birjik, sun fi naka sanyi, sun fi naka inji. Ni don mutanen nan na zaɓi nan, in yi zufa wani ya samu lafiya. Ashe da sunana ka kore su?"

Ya fara, "Ranki ya daɗe, tsari ne na..."

Ta ce, "Tsarin banza!"

Mutane suka sauko daga kan injina, suka leƙa sito da idonsu. A ranar da yawa suka ɗauki jakunkunansu suka fice. Sai a lokacin shugaba ta farka. Aka sallami manaja, aka dawo da ƙarafan gaban madubi, shugabar ta zo har gida ta durƙusa ta ba direba haƙuri. Da ƙyar ya yarda.

Ya koma ana ta murna, Guguwa har da tafi. Likita ta kwantar da shi, ta kama ƙafar za ta miƙe ta. Ƙafa ta ƙi. Ta sake gwadawa a hankali, direba ya cije leɓe. Likitar ta ɗago ta kalli matar.

"Mama, za mu ci gaba da yi don kar ta ƙara lalacewa. Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Ta riga ta ƙage."

Manaja dai ya samu wani aikin, na ji har ya ƙara ƙiba. Ƙungiya ta farfaɗo, kwastomomi sun dawo. Matar direba kuwa har yau ita ke cicciɓar mijinta zuwa banɗaki, kuma bayanta ya fara ciwo.

Darasi: Ba laifi ba ne ƙungiyar taimako ta nemi na kanta, amma kasuwancin bawa ne ga mutanen da aka kafa ta dominsu, ba ubangidansu ba. Ranar da aka fara jin kunyar waɗanda ake yi wa hidima, an ci amana, kuma ba kowace ɓarna ce ban haƙuri ke gyarawa ba. Ku tura wa duk wanda kuka sani yana riƙe da ƙungiya, ya je ya duba ta wace ƙofa mutanensa ke shiga.