Shafin Da Ya Kasa Ƙonawa

An yi wani mutum a garin nan namu na Sakkwato, mazaunin Arkilla. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da 'ya'ya, kuma su ba su yi wa kowa laifi ba. Ma'aikaci ne a ɗakin gwajin jini na wani asibitin gwamnatin tarayya. Shi ba ya ɗibar jini, ba ya duba shi. Aikinsa riƙe babbar rajista, da buga sakamako a takarda, ya danna hatimi ya miƙa wa mai ita.

Sahun gaba a masallaci ba ya wuce shi. Har wata al'ada gare shi: duk sabon shafin da ya buɗe a rajistar, sai ya rubuta Bisimillah da Larabci a samansa. Abokan aikinsa Malam suke ce masa.

Ƙanin matarsa, Mu'az, ya fito neman auren wata yarinya a Ƙofar Rini, Sakinatu. Ita Sakinatu da idonta ta ga an fita da gawar ƙannenta biyu, duk ciwon sikila ya kashe su. Ta san jininta AS ne, ta kuma san idan AS ya auri AS ana iya haifar mai ciwon. Don haka sharaɗi ɗaya ta kafa, ba na akwati ba, ba na zinari ba. Ta ce a kawo mata takardar asibiti mai nuna jinin mijin AA ne.

Mu'az ya je aka ɗebi jininsa. Wadda ta gwada wata Kirista ce 'yar Filato, Dorcas, shekararta goma sha tara a kan aikin. Ta rubuta abin da ta gani a rajista da hannunta: AS.

Mu'az ya ja mutumin nan gefe ya ce, "Yaya, ka ruhwa min asiri. An sa rana, an kai lehe. Harahi guda na, wa za ya sani?"

Ya 'yan uwa, sisin kwabo bai karɓa ba. Kada wani ya ce kwaɗayi ne. Kunyar ido ce, wai kada a ce ya hana ƙanin matarsa aure. Ya zauna ya buga AA, ya kwaikwayi sa hannun Dorcas, ya danna hatimi. Da ya gama ya tashi ya yi alwala ya tafi azahar. Wace irin kunya ce wannan, wadda ake ji wa ɗan Adam a kasa ji wa Mahaliccinsa?

Aka ɗaura aure, shi ne ma mai raba goro. Shekara ta zagayo Sakinatu ta haifi 'ya mace, aka sa mata Hadiza. Ba ta cika wata takwas ba hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ta kwana uku tana tsala ihu. Sakinatu ba ta jira likita ya faɗa mata ba, ta san wannan kukan tun daga gidansu. Aka sake gwada Mu'az a wani wuri, gaskiya ta fito.

Mahaifin Sakinatu ya kai ƙara, jami'an bincike na tarayya suka ce za su zo su ɗauki rajista. A nan ne ƙofar tuba take a buɗe. Da ya ce ni ne, da abin ya tsaya a laifi ɗaya. Ina! Sai ya sa reza ya yanke shafin nan, shafin da yake nuna Dorcas gaskiya ta rubuta, ya ninke ya cusa a aljihu.

Ya kai shi gida zai jefa a masai, sai idonsa ya faɗa kan Bisimillah da ya rubuta da hannunsa, ga kuma sunayen bayin Allah a jere, su Ubaidullahi, su Abdulshakur. Ya ce a'uzu billahi, sunan Allah a masai? Ya ƙyasta ashana, sai ya tuna kakarsa tana cewa wanda ya ƙona sunan Allah hannunsa zai shanye. Ya busa ya kashe.

Kun san buhun nan da ake ratayewa a kusurwar masallaci, inda ake zuba tsofaffin takardu masu sunan Allah don kada a taka su. A na masallacin unguwarsu ya je ya tura shafin, wai masu ilimi su san yadda za su yi da shi. Ya fito yana jin ya girmama Ubangiji.

Wallahi idan na zo nan raina ɓaci yake yi. Ka ji tsoron tawada, ba ka ji tsoron Mai sunan ba? Ka tausaya wa takarda, ba ka tausaya wa jaririya ba?

Masu bincike suka tarar da gurbin shafi. Aka gurfanar da shi da Dorcas a Babbar Kotun Tarayya, ana tuhumar su da ƙirƙirar takardar bogi da lalata rajistar gwamnati. Aka dakatar da Dorcas daga aiki. Matar da ke ciyar da uwarta tsohuwa ta wayi gari ɗaurin kurkuku yana kallonta, mutanen unguwa suna nuna ta da baki.

Shi kuwa ya ɗauki lauya. Neman lauya ba zunubi ba ne, haƙƙin kowa ne ya kare kansa. Amma lauyan ya ce masa ya gaya masa gaskiya don ya san inda zai tsaya, sai ya yi masa ƙarya shi ma. A kan ƙaryar nan aka gina kariya: sa hannun na Dorcas ne, ba wanda ya ga ya yanke komai, shi mai bugawa ne kawai. Ya tsaya gaban alƙali ya rantse. Ya kawo mutane suka shaida cewa ba a taɓa ganin ya rasa jam'i ba. Mu'az kuwa ya ɓoye abin da ya sani. Wata bakwai ana haka, Dorcas ta rame ta yi baƙi.

To, ladanin masallacin Arkilla, Malam Arzika, tsoho ne mai tsantseni. Idan buhu ya cika ba ya juye shi haka nan, ɗaya bayan ɗaya yake dubawa. Sai ya ci karo da shafi mai tambarin asibiti. Bai san da wata shari'a ba. Ya hau keke napep ya kai wa mutanen asibitin da kansa, ya ce, "Wagga takarda taku ta, wani bawan Allah ya yad da ita cikin buhunmu, na ce kila kuna bukatatta."

Asibiti suka miƙa shi ga masu bincike. Ranar da aka ɗaga shafin a kotu, lauyan gwamnati tambaya biyu ya yi wa mutumin nan. Rubutun wa ne a saman nan? Sannan yaushe Dorcas ta fara shiga masallacin Arkilla? Lauyan da ke kare shi ya tattara takardunsa ya roƙi kotu ta sahale masa ya janye.

Aka wanke Dorcas. Shi aka tura shi gidan yari, aiki ya tafi, sunan Malam ya tafi. Mu'az ma hannun hukuma ya kai gare shi, auren ya mutu. Da za a fita da mutumin nan daga kotu ya roƙi Dorcas gafara yana kuka. Ta ce, "Nawa na yafe maka, Malam. Na yarinyar nan kuma ba a hannuna yake ba."

Ya 'yan uwa masu riƙe da biro da hatimi, da ku nake. Rajistar da ke gabanku amana ce, rayukan mutane ne a ciki. Shaidar zur tana cikin manyan zunubai, da baki aka yi ta ko da alƙalami. Kuma zumuncin da zai sa ka cuci wani ba zumunci ba ne. Wanda ya riga ya yi, ya tsaya nan ya tuba, kada ya ɗora wa marar laifi.

Alƙali ya ƙayyade wa mutumin nan shekarunsa, wata rana zai fito. Hadiza fa? Shekararta huɗu yanzu. Ko makon jiya an ƙara mata jini, tana riƙe da zanin uwarta tana cewa, "Inna, ƙashina na ciwo." Ita ba wanda ya faɗa mata ranar da za ta fito.

Allah ya ba ta sauƙi, ya ba uwarta haƙuri. Allah ya kiyaye mu da abin da hannayenmu za su rubuta, ya kiyaye bayinsa daga sharrinmu. Amin.