Wazirin da Ya Jiƙa Sawaye

A zamanin da, an yi wani sarki da gobara ta addabi ƙasarsa, domin duk shekara in manoma suka cinna wa sabon saura wuta, sai iska ta kwashe ta zuwa gidaje. Sarki ya tara malamai ya nemi dabara. Wani dattijo mai suna Malam Sambo ya kafa doguwar gora a kan tudu, ya ɗaura mata ƙyalle uku: alharini, da sawaye, wato farin saƙin auduga, da tsiririyar fata. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, inda jelarsu ta nuna, can iska ta dosa. In alharini kaɗai ya tashi, iska mai sauƙi ce. In sawaye ya tashi, a dakata. In fata ta motsa, ko murhu a yi hattara da shi."

Sarki ya sa aka yi shela cewa kada kowa ya ƙona daji sai da izinin Malam.

To, Waziri Mijinyawa yana da gandu a bakin rafi da ya sa aka share, ga hadari ya fara haɗuwa, sawaye kuwa kullum a tashe. Ya ce a ransa, ai rafi iskar ta nufa, wuta kuma ba ta tsallake ruwa. Wata safiya ya hau tudun, ya sauke gorar, ya jiƙa sawayen sharkaf da ruwan butarsa, ya mayar. Malam ya zo ya ɗaga kai, ya ga alharini kaɗai ke kaɗawa, ya ba da izini.

Wuta ta tsallake rafin, ta cinye rumbunan unguwar masaƙa. Aka tsare Malam Sambo, ko da yake ya ce shi a kwance ya ga sawaye.

Tun daga ranar Waziri ya daina jin daɗin tuwo. Hanyarsa ta zuwa fada ta unguwar masaƙan ta bi, kullum sai ya ga wata tsohuwa, Tabawa, durƙushe tana tone toka tana tsince ƙonanniyar dawa. In ta ce, "Ranka ya daɗe," sai ya kau da kai kamar bai ji ba.

Sarki dai bai gamsu ba. Ran da iska ta yi ƙarfi ya ɗebi fadawa zuwa tudun, aka kawo Malam. Ga sawaye yana ta filfilwa. Sarki ya ce, "Ku warware mini wannan. Me ke kwantar da ƙyalle alhali iska na kaɗawa?"

Wani ya ce aljanu, wani ya ce sammu. Sarki ya dubi Waziri, Waziri ya dubi ƙasa.

Malam ya ce, "Allah ya ja zamaninka, kada a wahalar da mutane. Na tsufa, ƙila idona ne ya yaudare ni. A hukunta ni."

Waziri ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya miƙe, ya sauke gorar da hannunsa, ya tsiyaya wa sawayen ruwa, ya sake kafa ta. Ƙyallen ya kwanta laƙwas. Ya durƙusa ya ce, "Idon Malam lafiya lau yake. Ni na aikata."

Sarki ya ce, "Na so ka faɗa da bakinka." Ya sa aka saki Malam aka yi masa alkyabba, aka warware rawanin Waziri, aka ba masaƙa gandun da duk hatsin gidansa.

Mijinyawa ya je neman gafara wurin Malam. Malam ya ce, "Nawa na yafe. Amma ba ni na kwana da yunwa ba."

Sai ya nufi gidan Tabawa ya yi sallama. Ta bar shi tsaye a rana har inuwa ta karkata, sannan ta fito ta dube shi sama da ƙasa, ta miƙa masa kwando.

Ta ce, "Ramin ƙasa yana bayan gida. Ka kwaɓa ta da kyau, rumbu babba nake so."

Ya tuɓe babbar riga, ya karɓa.