Adakar Arzika a Zauren Barde

Tun zamanin da babu ko hayaƙin murhu tsakanin Dutsen Kwargo da gulbi, sai giwa da ɓauna, aka yi wani maharbi ana ce masa Cindo. Kirarinsa shi ne, "Mai shida, baƙon da dawa ke yi wa shimfiɗa." Shi da ƙanensa Arzika bindiga ɗaya gare su, adaka ce ta gado. Ranar da ɓauna ta tsaga mata ƙota, Cindo ne ya naɗe tsagar da ɗanyar fatar gwanki, ya ɗinke da jijiya.

Birnin da suke kai nama yana hannun Barde Mazawaje, mutum mai mugun kwaɗayin bindigogin ganima. Zaure guda ya keɓe musu, ya kuma yi shela cewa duk wanda ya kawo bindigar maƙiyi yana da riga. In an dawo yaƙi ba ya tambayar mutum nawa suka rage. Bindiga nawa kawai yake tambaya.

Wata shekara mahara suka taso, Cindo yana kwance da ƙurƙunu. Arzika ya saɓa adakar ya bi runduna, aka dawo babu shi. Aka ce ai da ya ji ƙarar wuta ya ranta a na kare. Maroƙa suka sa shi a waƙa, har matarsa ta daina zuwa rijiya don kunya.

Da ƙafa ta warke Cindo ya je gaisuwa, Barde ya ja shi zaure don ya nuna masa kaya. Can a jere na uku ya ga fatar gwanki.

"Ranka ya daɗe, wannan fa?"

"Ta shugaban mahara ce," in ji Barde. "Da ƙyar barana Gajere ya ƙwato ta."

"Ashe ni da shugaban mahara nono ɗaya muka sha. Wannan ɗinkin hannuna ne!"

Aka kirawo Gajere, sanye da sabuwar rigarsa. Da aka matsa masa ya faɗi gaskiya: Arzika ne ya tare mashigin gulbi shi kaɗai har harsashi ya karya masa cinya. Yana roƙon ruwa Gajere ya ɓanɓare bindigar daga hannunsa ya taho. Tir da wannan ganima! Barde kuwa ko gezau, cewa ya yi abin da ya shiga zaure ba ya fita, amma a ba Cindo riga biyu.

Cindo ya sauke adakar daga bango ya fice. Dogarai goma ne a ƙofa, ba wanda ya iya ɗaga ido.

Kwana uku ya yi kafin ya kai mashigin. Dattawa sun ce a gindin ƙirya ya tarar da Arzika a mace, wata biyu kura ba ta taɓa shi ba, ungulu ba ta sauka ba, hannunsa na dama a buɗe. Cindo ya sa masa bindigar, yatsun suka damƙe. Haka ya binne shi da ita, ya kafa bukka a wurin, bai sake taka birni ba.

Daga bukkar nan gari ya kafu, shi ne Tungar Arzika. Masu tara tsofaffin bindigogi sun sha zuwa da motoci suna neman a tono musu adakar, akan ba su ruwa su sha, a nuna musu hanya. Har yau kuma in mafarauta suka dawo, a bakin gari suke tsayawa a kira sunan kowa ya amsa. In ɗaya bai amsa ba, ba nama ba makami da zai shiga, duka za su juya su nemo shi.