Abin da Fatauci Ya Ci

An ruwaito a littattafan mutanen dā cewa a birnin Tsaunin Gamji an yi wani sarki mai wata al'ada. Saurayi ba ya kama sana'a sai an kai shi fada, tsofaffin masu sana'o'i sun nuna masa abin da kowace ta ci a jikinsu. Sarkin yakan ce daɗin sana'a kowa na faɗa, ɓarnarta ce ake ɓoyewa.

A birnin akwai wani falke, Korau, mai raƙuma birjik. Manyan 'ya'yansa biyu hanya ta cinye su, saura auta, Mantau. Korau ba shi da buri sai yaron ya gaji ayarin, kada sunan gidan ya mutu. Ya kai shi fada yana taƙama irin ta mai dukiya, wanda ke zaton har zuciyar ɗansa tana cikin kayansa.

Waziri ya kira maƙeri. Sai da aka taɓa shi ya waiwayo, don ƙarar guduma ta tafi da kunnensa. Masaƙi ya shigo a duƙe, ya ce rabonsa da miƙewa tun yana saurayi. Mai haƙar rijiya kuwa tari ne ya yi masa bayani.

Sai wani tsohon marini, Jatau, ya miƙa hannuwa shuɗaye har gwiwa, ya ce, "Allah ya ba sarki nasara, rini sai mai jure wari da zama wuri ɗaya. Ranar da aka haifa mini 'ya, ungozoma ta hana ni ɗaukarta, wai kada in shafa mata shuni. Na koma zaure na yi kuka. Amma da hannuwan nan na wanke mahaifina na sa shi a kabari, don marina ba ta nisa da gida."

Korau ya yi dariya, ya buɗe nasa hannuwan. "Ranka ya daɗe, a dube ni! Ido garau, baya a miƙe. Fatauci bai ci komai nawa ba."

Waziri ya ce, "Madalla. Ina kaburburan 'ya'yanka?"

Korau ya sunkuyar da kai. "Suna cikin rairayi. Ban san wurin ba."

"Wa ya binne uwar yaron nan?"

Mantau ne ya amsa: "Maƙwabta, ranka ya daɗe. Baba yana hanya." Sa'an nan ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya ce, "Baba, ka yafe mini. Rini zan yi. Gara hannuna ya yi shuɗi, in dai shi zai rufe ka."

Sarki ya yi wa waziri kyautar alkyabba, ya sa aka ba Mantau rami a marina. Korau kuwa baƙin ciki ya rufe shi. Ya sayar da raƙuman ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a ƙofar gida yana duban hanyar arewa, ba ya ko ɗaga ido in ɗan ya gaishe shi. Har ya tsufa bai yafe ba.

Masu ruwaya suka ce, mai zaɓen sana'a ya tambayi abin da take ci kafin abin da take bayarwa, don wadda ba ta taɓa jiki ba, gida take ci. Ranar da Korau ya rasu, duk cikin jininsa mutum ɗaya ne a gari. Shi ya wanke shi, shi ya sa shi a kabari, da hannuwa shuɗaye.