Tagar da ke Kallon Maƙabarta

Ku matso kusa, wannan ta gardama ce.

Tun da aka binne mahaifiyar Tasi'u, yaron ya daina magana, sai duka. Makarantarsu tana bakin gari, tagar ajinsu na kallon maƙabarta, bencinsa kuma a gindin tagar. Kullum idonsa na kan wani tudun ƙasa da ciyawa ba ta gama rufewa ba. Ran da ya fasa wa wani yaro leɓe, hedimasta ya kira kakarsa, Iya Tabawa, ya ce, "Iya, in ya ƙara, kora ce. Ba zai zauna jarrabawa ba." Tsohuwa ta fita tana share ido da gefen mayafi.

Malama Ladidi ba ta yi masa faɗa ba. Sai ta sake wa dukan aji wurin zama, don kada a ce saboda shi ne, ta mai da shi gaba, dab da ƙofa, bayansa ga tagar.

Malam Haladu kuwa ya damƙa masa ƙarfen buga ƙararrawa, ya ce, "Makarantar nan da hannunka za ta riƙa tashi." Duk ran da ya buga a kan lokaci, sai ya ɗaga masa hannu: "Madalla, Sarkin Ƙararrawa."

Malam Jafaru ya ja shi gindin darbejiya, ya ce, "In ka ji ƙirjinka ya yi zafi, ajiye hularka a tebur, ka tafi famfo ka wanke fuska. Ba mai tambayarka."

Wata rana, dab da tashi, aka zo wucewa da makara. Aji ya yi tsit. Daga can baya wani yaro, Badamasi, ya ce a hankali, "Tasi'u, an kawo wa uwarka maƙwabciya."

Tasi'u ya miƙe, ƙarfen na hannunsa. Kunnuwansa suka toshe. Ya waiga, Badamasi na can nesa, bayan layin benci, ƙofa kuwa ga ta a gefensa. Ya cire hula, ya ajiye, ya fita.

A bakin famfo ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ya nufi hanyar daji, da niyyar ba zai komo ba. Sai ya ga ƙarfen a hannunsa, ya tuna makaranta duka shi take jira. Ya juyo, ya buga ƙararrawar tashi.

Bayan jarrabawa, Iya Tabawa ta zo da zakara ɗaya, wanda marigayiyar ta bari. Ta ce, "Na wanda ya riƙe min yaron nan ne."

To, jama'a, tsakanin mai sauya benci, da mai ba da ƙarfe, da mai koya ajiye hula, wa za ta miƙa wa zakaran?